Amfani da Na'urar Tallafa wa Numfashi a Gida Wajen Magance Ɗaukewar Numfashin Yara a Cikin Barci

Tsakure

Akasarin iyaye kan ɗauki minsharin yaro a matsayin alamar gajiya ko nauyin barci, alhali a wasu lokuta shi ne alama ta farko ta wata lalura da ke toshe hanyar iska sau da dama a cikin dare guda. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda lalurar ke faruwa da illolinta ga girma da karatun yaro, sannan ta dubi na'urar da ke tura iska cikin hanci domin hana maƙogwaro rufewa. An nuna yaran da suka cancanci amfani da ita, da yadda take aiki, da hanyar sabar wa yaro da ita, da kuma abubuwan da yanayin ƙasar Hausa ke buƙatar a kula da su. Maƙalar ta tafi a kan cewa ingancin na'urar a asibiti tabbatacce ne, amma nasararta a gida ta rataya ne a kan daidaita ta da likita ya yi da kuma juriyar iyaye.

Fitilun Kalmomi: minshari, ɗaukewar numfashi, barci, yara, sifaf

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana kallon ɗaukewar numfashi a cikin barci a matsayin lalurar manya masu ƙiba. A shekarar 1976 ne Christian Guilleminault da abokan aikinsa na Jami'ar Sitanfod da ke Amurka suka wallafa bayanin yara 8 da ke fama da ita, wanda hakan ya jawo hankalin likitocin yara zuwa gare ta. A yau ƙiyasin masana ya nuna cewa tsakanin yaro 1 zuwa 5 cikin kowane 100 na ɗauke da ita, kuma ta fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 8 da haihuwa.

Maganin farko ga mafi yawan waɗannan yara shi ne tiyata. Sai dai akwai waɗanda tiyatar ba ta dace da su ba, akwai kuma waɗanda aka yi wa amma lalurar ta ci gaba. Waɗannan su ne ake haɗawa da na'urar tallafa wa numfashi su tafi da ita gida. Daga wannan lokaci aikin da ma'aikacin lafiya ya saba yi ya koma hannun uwa da uba, a kowane dare, tsawon watanni ko shekaru. Don haka akwai buƙatar a fayyace al'amarin cikin harshen da iyayen ke tunani da shi.

2.0 Yadda Lalurar ke Faruwa

Iskar da mutum ya shaƙa takan bi ta hanci, ta sauka ta bayan harshe, sannan ta shiga maƙoshi zuwa huhu. Sashen da ke bayan hanci da harshe ba shi da ƙashi ko guringuntsin da zai riƙe shi. Tsoka ce kawai ke buɗe shi. Idan mutum ya yi barci tsokar kan saki, musamman a lokacin barcin mafarki, sai hanyar ta ƙuntata. Ga mai lafiya ƙuntatar ba ta hana iska wucewa. Amma idan dama hanyar a matse take, sai bangonta ya riƙa karkarwa yayin da iska ke kutsawa, wanda shi ne sautin minshari. Idan abin ya yi tsanani sai bangon ya haɗe baki ɗaya. A nan za a ga ƙirji da cikin yaro suna ta motsi, amma babu iskar da ke shiga. Iskar oksijin ta ragu a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta farga ta zaburar da shi, ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma barci ba tare da ya san abin da ya faru ba. Wannan kan maimaitu sau goma ko fiye a cikin awa guda ga wanda lalurarsa ta yi tsanani.

2.1 Musabbabi

Babban musabbabi shi ne girman wasu tsokoki biyu da ke gefen maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira tonsil, da wata makamanciyarsu da ke ɓoye a bayan hanci mai suna adinoyid. A shekarun ƙuruciya girmansu kan zarce faɗin hanyar iskar. Sauran musabbabai sun haɗa da ƙiba fiye da kima, da ƙanƙantar muƙamuƙin ƙasa ko wata tawaya ta ƙasusuwan fuska, da raunin tsoka irin na yaran da suka sami matsalar ƙwaƙwalwa tun haihuwa. Rabi ko fiye na yara masu lalurar Down na fama da ita, saboda girman harshe da sanyin tsoka, shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a yi wa kowannensu gwajin barci zuwa shekara 4, ko da ba a ga alama ba.

Akwai kuma alaƙa da cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda aka ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara. Lalurar ta fi yawa a tsakanin masu sikila fiye da sauran yara, kuma raguwar oksijin na daga cikin abubuwan da ke sa ƙwayoyin jininsu lanƙwashewa. Don haka minsharin mai sikila ba abin wasa ba ne.

2.2 Alamomi da Illoli

Da dare ana ganin minshari mai ƙarfi a mafi yawan darare, da ɗaukewar numfashi na ɗan lokaci wanda shaƙewa ke biyo baya, da numfashi ta baki, da yawan juye-juye, da gumi, da barci tare da ɗage wuya baya. Fitsarin kwance ma kan dawo wa yaron da ya riga ya daina.

Alamomin rana su ne suka fi ruɗarwa. Babba idan bai sami isasshen barci ba gyangyaɗi yake yi, amma yaro sau da yawa ƙiriniyarsa ce ke ƙaruwa. Ba ya zama wuri ɗaya, ba ya riƙe karatu, ga saurin fushi. Irin wannan yaro kan sha horo a gida da makaranta a bisa zargin rashin ji ko daƙiƙanci, alhali barcinsa ne ake tsinkawa kowane dare. Idan abin ya daɗe yakan hana girma, domin mafi yawan sinadarin girma a cikin barci mai nauyi jiki ke fitar da shi, kuma wahalar numfashi na cinye ƙarfin abincin da yaron ya ci. Yakan kuma jawo hawan jini, ya wahalar da ɓangaren dama na zuciya da ke tura jini zuwa huhu.

3.0 Gano Lalurar

Ba kowane mai minshari ne ke da lalurar ba, kuma duba maƙogwaro kaɗai ba ya nuna tsananinta. Gwajin da aka fi dogaro da shi shi ne gwajin barci, inda yaro ke kwana a asibiti an maƙala masa wayoyin da ke auna aikin ƙwaƙwalwa da bugun zuciya da shigar iska da motsin ƙirji da yawan oksijin a jini. Daga nan ake lissafa sau nawa numfashi ya ɗauke ko ya ragu a cikin awa guda. Ma'aunin yara ya fi na manya tsauri. Ga babba sai adadin ya kai 5 a awa ake ƙirga shi lalura, amma ga yaro abin da ya wuce 1 ya isa. Daga 1 zuwa 5 mai sauƙi ce, daga 5 zuwa 10 matsakaiciya, sama da 10 kuwa mai tsanani.

Ɗakunan wannan gwaji ba su da yawa a Afirka ta Yamma. Inda babu, likitoci kan yi amfani da ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna oksijin tsawon dare. Ɗaukar bidiyon yaro da wayar hannu yayin da yake barci, ƙirjinsa a buɗe, yana kuma taimaka wa likita ya ga abin da ba zai gani a ɗakin duba marasa lafiya ba.

4.0 Matsayin Na'ura a Cikin Hanyoyin Magani

Ƙa'idar da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta sabunta a 2012 ta sanya cire tonsil da adinoyid a matsayin matakin farko ga yaron da suka girma masa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya ƙunshi yara 464 masu shekara 5 zuwa 9, ya nuna cewa bayan wata 7 gwajin barcin kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ya daidaita, idan aka kwatanta da kashi 46 na waɗanda aka zuba wa ido kawai. Waɗannan alƙaluma sun nuna amfanin tiyata, sun kuma nuna cewa kimanin yaro 1 cikin 5 bai rabu da lalurar ba bayanta. Masu ƙiba da masu lalurar Down sun fi faɗawa cikin wannan rukuni.

Saboda haka ana komawa ga na'ura a yanayi huɗu: idan lalurar ta saura bayan tiyata; idan tonsil da adinoyid ba su ne musabbabi ba; idan tiyata na da haɗari ga yaron; ko kuma a matsayin riƙon ƙwarya kafin ranar tiyata. Ga mai lalura mai sauƙi likita na iya wadatuwa da maganin fesawa a hanci, ga mai ƙiba kuma rage nauyi na tafiya tare da kowace hanya aka bi.

5.0 Yadda Na'urar ke Aiki

Colin Sullivan, likita a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, shi ne ya ƙirƙiro wannan hanya. Ya yi amfani da injin na'urar zuƙe ƙura da aka juya domin ya riƙa hura iska, kuma ya wallafa sakamakon marasa lafiya 5 a mujallar Lancet a 1981. Kafin nan, mafita ga wanda lalurarsa ta tsananta ita ce huda maƙoshi ta gaban wuya.

Na'urar yau, wadda ma'aikatan lafiya ke kira sifaf, ƙaramar akwati ce mai sassa huɗu: injin fanka da ke zuƙo iskar ɗaki ta cikin matata, da tulun ruwa da ke jiƙa iskar, da tiyo, da takunkumin da ake ɗaurawa a hanci. Iskar na shiga da matsi guda wanda ba ya yankewa, sai ta tokare bangon maƙogwaro daga ciki, kamar yadda iska ke riƙe tayar keke ta hana ta lotsawa. Yaron ne ke numfashinsa da kansa. Aikin na'ura shi ne buɗe masa hanya. Ya kamata a bambanta ta da tukunyar oksijin, domin iskar ɗaki kawai take turawa. Ba wa irin wannan yaro oksijin shi kaɗai ba ya buɗe toshewar, yana ma iya ɓoye ta yayin da gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita ke taruwa a jini.

Ana auna matsin da santimita na ruwa, wato tsawon da matsin zai iya ɗaga ruwa a cikin bututu. Ana farawa daga 4, a riƙa ƙarawa a hankali cikin dare ana lura, har a kai inda minshari da toshewa suka gushe. Ƙa'idar masana barci ta Amurka ta 2008 ta iyakance shi a 15 ga yaron da bai kai shekara 12 ba, da 20 ga wanda ya kai. Akwai nau'i na biyu da ya fito kasuwa a 1990, mai matsi biyu: babba yayin shaƙa, ƙarami yayin fitarwa. Ana zaɓar shi ga yaron da ke buƙatar matsi mai yawa har fitar da numfashi ke masa wuya, ko mai raunin tsokar da ba ya iya jan isasshiyar iska. Akwai kuma mai daidaita matsi da kanta, sai dai da yawa daga cikin irinta an ƙera su ne don wanda nauyinsa ya haura kilo 30, don haka ba lallai ta gane numfashin ƙaramin yaro ba.

Daga wannan bayani za a fahimci abu biyu. Na farko, matsin tamkar ƙimar magani ne, likita ne ke yanke shi ga kowane yaro. Ƙarancinsa ba ya buɗe hanya, yawansa kuma na tsinka barci ya kumbura ciki. Na biyu, na'urar ba ta kawar da musabbabi. Daren da aka ajiye ta, toshewar na dawowa.

6.0 Sabar wa Yaro da Na'ura

A nan ne gizo ke saƙar. Wani bincike da Carole Marcus da abokan aikinta suka wallafa a 2006 ya bi yara 29 tsawon wata 6. Na'urar ta rage toshewar ƙwarai, amma kashi ɗaya cikin uku sun daina amfani da ita kafin ƙarshen wa'adin, waɗanda suka jure kuma awa 5 da 'yan mintoci suke yi da ita a dare. An kuma gano cewa ƙiyasin iyaye ya zarce abin da na'urar ta rubuta a ma'adanarta. Ma'aunin da aka saba amfani da shi ga manya, wato awa 4 a dare, ya yi kaɗan ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 da ke buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Bugu da ƙari, barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, lokacin da toshewa ta fi tsanani, kuma lokacin da sau da yawa takunkumin ya riga ya zame.

Ɗaura wa yaro takunkumi da ƙarfi a daren farko shi ne hanya mafi sauri ta sa ya tsane shi. Masana halayyar yara sun fi son a bi mataki-mataki cikin kwanaki ko makonni. Da farko a ba shi takunkumin da rana ya yi wasa da shi, ba tare da tiyo ba. Sannan ya ɗora shi a hanci na daƙiƙoƙi kaɗan yayin da ake masa tatsuniya ko yake kallon abin da yake so, ana ƙara lokacin kullum. Daga nan a ɗaura igiyoyin, sai a haɗa tiyo a kunna na'ura a ƙaramin matsi yana farke, sai a gwada a barcin rana, kafin a kai ga dare. A yaba masa a kowane mataki, kada kuma a mai da na'urar abin tsoratarwa ko horo. Yana da kyau yaro ya yi barci da takunkumin tun farko, maimakon a lallaɓa a ɗaura masa bayan ya yi barci, domin farkawa a tarar da baƙon abu a fuska na firgita shi. Idan ya cire cikin dare a mayar masa ba tare da faɗa ba.

Sabon da aka yi a makonnin farko shi ne yakan ɗore. Matasa kuwa matsalarsu kunya ce, musamman a ɗakin da ake kwana da 'yan'uwa ko a makarantar kwana, don haka sanya su cikin shawara da fahimtar da sauran mutanen gida na da muhimmanci.

7.0 Matsaloli da Hanyoyin Kauce Musu

Mafi yawan matsalolin daga takunkumi suke. Idan ya yi sako-sako iska na zurarewa ta bushe ido. Idan ya matse yakan ƙuje karan hanci. Mafita ita ce a nemi daidai girman fuskar yaron, ba a ƙara ɗaure igiya ba. An fi son mai rufe hanci kaɗai a kan mai rufe hanci da baki, domin idan yaro ya yi amai ko wuta ta ɗauke zai iya buɗe baki. Ƙananan hujojin da ke jikin takunkumin mafitar gurɓatacciyar iska ce, bai halatta a toshe su da zane ko salatif ba. Matsin takunkumi na tsawon shekaru na iya danne girman tsakiyar fuska, don haka likita kan duba fuska da jerin haƙora lokaci-lokaci, ya kuma sauya nau'in takunkumin. Da yake yaro na girma, ana sake duba matsin aƙalla sau ɗaya a shekara, ko idan nauyinsa ya canza, ko minshari ya dawo. Haka kuma duk maganin da ke sa barci na ƙara sakin tsokar maƙogwaro, don haka ba a ba irin wannan yaro sai da izinin likita.

8.0 La'akari da Yanayin Ƙasar Hausa

Abu na farko shi ne wutar lantarki. Na'urar ba ta cin wuta da yawa, sashen ɗumama ruwa ne ya fi ci, saboda haka batir da inbata ko ƙaramin tsarin sola na iya riƙe ta tsawon dare. Ya wajaba a tanadi wannan kafin a sayi na'urar. Idan janareta ake amfani da shi, a nisanta shi daga taga da ƙofa, domin duk iskar da ke ɗakin ita na'urar ke turawa kai-tsaye cikin huhun yaro. Wannan dalili ne ya sa hayaƙin maganin sauro da turaren wuta da garwashin jin ɗumi ba su dace da ɗakin ba. Gidan sauro ya fi, a zura tiyon ta ƙarƙashinsa.

Na biyu shi ne hunturu. Ƙura na toshe matata cikin ɗan lokaci, bushewar iska kuma na kawo toshewar hanci da haɓo, don haka a yawaita duba matatar, a kuma yi amfani da tulun ruwa. Tataccen ruwa ake so. Ruwan rijiya ko na burtsatse na barin kanwa-kanwa a tulun. A zubar da ragowar kowace safiya, a goge takunkumi kullum, a wanke tiyo da sabulu mara ƙamshi mako-mako a shanya a inuwa.

Na uku shi ne na'urorin gwanjo. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips Respironics ya sanar da janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke cikinsu na iya rududdugewa ya bi iska, kuma zafi da laima na ƙara saurin hakan. Wanda zai sayi tsohuwar na'ura ya kamata ya kai ta ga masani ya duba nau'inta, ya kuma goge matsin mai ita na farko, wanda galibi babba ne.

Na huɗu shi ne al'adar cire beli. Wasu iyaye kan kai mai minshari wurin wanzami da zaton belin ne ya yi tsawo. Cire shi ba ya taɓa tonsil ko adinoyid, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa da ke Kano da Zariya da Sakkwato, da makamantansu, su ne wuraren da ya dace a fara zuwa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗaukewar numfashi a cikin barci lalura ce da ke shafar girma da ɗabi'a da karatun yaro, kuma tana da magani. Tiyata ce matakin farko ga mafi yawa, na'urar tallafa wa numfashi kuma ita ce madogara ga waɗanda tiyata ba ta wadatar ba. Amfaninta ya dogara ne a kan matsin da likita ya daidaita, da takunkumin da ya dace da fuskar yaro, da wutar da ba ta yankewa, da kuma haƙurin sabarwa, domin sannu ba ta hana zuwa. Wasu yara kan rabu da ita idan hanyar iskarsu ta faɗaɗa ko nauyinsu ya ragu, amma likita ne zai tabbatar da hakan bayan sabon gwaji. Akwai buƙatar ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar iyaye game da barcin yara a duk zuwa asibiti, musamman a wuraren kula da masu sikila, malaman makaranta kuma su sanya matsalar barci cikin abubuwan da suke zato idan karatun yaro ya ja baya ba tare da wani dalili bayyananne ba.